Wa Ya Ci Burtalin?

A watan Agusta na 2021 fadar shugaban ƙasa ta fitar da sanarwa cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya amince a sake duba wuraren kiwo 368 da ke jihohi 25 na Najeriya. Dalilin duban, kamar yadda sanarwar ta faɗa da Ingilishi, shi ne a gano "levels of encroachment". Kalmomi uku ne, kuma wanda ya saba da takardun hukuma zai wuce su bai ji ƙaiƙayin komai ba. Amma a tsaya a saurare su da kunnen mutumin karkara. Ana maganar ƙasar kiwon da ta salwanta ne kamar ana maganar gulbi a tsakiyar damina: ruwa ya hau, sai a kai sanda a auna inda ya tsaya. Gulbi ba a tambayarsa wa ya aiko shi, ambaliya kuma ba a kai ta gaban alƙali.

Wata uku kafin wannan sanarwa, a watan Mayu, gwamnonin kudancin ƙasar sun taru a Asaba suka yanke shawarar hana kiwon sake a jihohinsu. Kalmar da suka zaɓa a takardar bayan taro ita ce "incursion", kuma ba su sake ta ta yi yawo ita kaɗai ba. Sun rataya mata masu aikatawa a wuya, wato makiyaya masu ɗauke da makamai da ɓata-gari da 'yan bindiga. Tsoron da ya tara gwamnonin nan yana da tushe, domin an kashe manoma a gonakinsu. Abin lura dai shi ne yadda harshen hukuma ke raba aiki. Idan saniya ta shiga ƙasar noma, jimla tana da mai laifi, da sunansa da sana'arsa. Idan ƙasar kiwo ta koma gona, jimla sai ta zama marainiya: abu ya faru, ga girmansa, ba wanda ya yi.

Ingilishi yana da kalmomi uku da masu fassara a ɗakunan labarai kan zuba a kwando ɗaya. "Invasion" daga Latin ta fito, daga aikatau mai nufin tafiya zuwa cikin wuri, kuma ita ce shigar runduna ƙasar da ba tata ba da niyyar ci ko zama. "Incursion" ita ma daga Latin, amma tushenta gudu ne: a faɗa wa wuri da sauri, a buga, a koma. Ita ce abin da kakanni suka sani da hari ko samame. Ta ukun, "encroachment", ta bi ta tsohon Faransanci ne, kuma a cikinta akwai kalmar "croc", wato ƙugiya. Sa'ad da ta shiga Ingilishi, wajen ƙarni na 14, ma'anarta a maƙale abu da ƙugiya a janyo, a mallake abin da ba naka ba. Sai daga baya, wajen ƙarni na 16, ta ɗauki ma'anar da aka fi saninta da ita yau, ta shiga haƙƙin wani a hankali, taku bayan taku, ba tare da hayaniya ba.

To, ƙugiya ba ta janyo abu da kanta. Akwai hannu a ƙotarta. Tarihin wannan kalma a takardun mulki shi ne tarihin yadda hannun ya ɓace aka bar ƙugiyar tana reto a iska. Nahawun Ingilishi ya taimaka ƙwarai: da zarar an mayar da aikatau suna, ba dole ba ne a faɗi wanda ya aikata. Ana iya auna "encroachment", a yi tir da shi, a kafa masa kwamiti, a ware masa kuɗi a kasafi, shekara da shekaru, ba tare da an ambaci mutum ɗaya mai rai ba.

Akwai kuma wani abin da ya ƙara wanke kalmar. A 1935 wani masanin gandun daji ɗan Birtaniya, E. P. Stebbing, bayan ya zagaya arewacin Najeriya da ƙasar Nijar ta Faransawa, ya wallafa maƙala mai suna "The Encroaching Sahara", inda ya yi gargaɗin cewa hamada tana tahowa kudu za ta haɗiye ƙasar noma. Hankalin gwamnatocin mulkin mallaka ya tashi, har Ingila da Faransa suka haɗa kwamitin masana gandun daji da ya bi bakin iyakar a 1936 zuwa 1937. Kwamitin bai ga rairayin da ke tahowa kamar runduna ba. Abin da ya gani shi ne ɓarnar da mutane ke yi da gatari da wuta a inda suke zaune. Amma hoton ya riga ya zauna. Har gobe ana cewa "desert encroachment", Hausa kuma ta karɓa da gurgusowar hamada ko kwararowar hamada. Daga nan kalmar ta ɗauko ƙanshin ƙaddara: abu ne da ke matsowa da kansa, kamar tsufa, kamar rani. Wanda ya ce makiyaya ta gamu da "encroachment", ko ya sani ko bai sani ba, ya aro wa mutane uzurin da aka tanadar wa rairayi.

Hausa ba ta da wannan talauci, kuma shi ya sa abin yake da ban takaici. Idan maƙwabcin gona ya tura garmarsa ya ƙara kunya ɗaya a bayan jerin gamban da ya raba su, wannan cin iyaka ne. Ana kiran dattawan da suka san gonar, a taka, a mayar da gamba mazauninsa. Idan dabba ta faɗa gona ta ci amfani, wannan ɓarna ce. Mai gona da mai dabba da ardo da dagaci su tsaya a kan wurin, a kiyasta, a biya. Idan mai ƙarfi ya ɗauki gonar marar ƙarfi don ya san ba abin da zai iya, wannan ƙwace ne. Idan runduna ta sauka a kan gari ba zato, ta rufe shi ta ko'ina, wannan mamaya ce. Kowace daga cikin kalmomin nan tana zuwa da mutum a gabanta da hukunci a bayanta. Ba a iya cewa "cin iyaka" a zauren dagaci a yi shiru. Kafin a rufe baki wani zai ce, wa ya ci?

Sai ga shi mai fassara, agogo na korarsa, ya ɗauko "kutse" ya liƙa wa komai. Kutse kuwa a kunnen mai sauraro na yau aikin wanda ba a gayyata ba ne: yaron da ya cusa kai gidan biki, ko ɓarawon da ya fasa asusun banki ta intanet. Mai kutse ba shi da takarda, kuma yana tsoron a gan shi. In ba kutse ba, sai a ɗauko "mamaya", kalmar da ake ba Rasha a Yukiren da Iraƙi a Kuwait, a aza ta a kan garken shanu ko a kan manomi da fartanyarsa. Ta farko ta yi wa babban mai laifi ƙanƙanta, ta biyun ta yi wa ƙaramin mai laifi girma. Hausa ma tana da nata maɓoyin, kada a yi mata kara: ɗan ƙaramin lafazin nan "an". An yi kutse a makiyaya. An cinye burtali. An toshe mashaya. Wannan "an" ya binne mutane da yawa da ransu, kuma yawancinsu sun ji daɗin kabarin.

Inda za a gwada kalma a ga ko tana da nauyi shi ne a kan ƙasa, kuma da wuya a sami ƙasar da ta fi arewacin Zamfara dacewa da gwajin. Birnin Tsaba gunduma ce a ƙaramar hukumar Zurmi, yankin da ya yi iyaka da Jihar Katsina ta gabas da Jamhuriyar Nijar ta arewa. A wannan kusurwa ne aka keɓe babban dajin da takardu ke kira da sunan Zamfara, tun zamanin Turawa a matsayin gandun daji, daga baya kuma a matsayin makiyaya, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 2,000. A cikinsa an bar ƙauyukan noma huɗu da iyakokinsu: Dumburum da Shamushalle da Tsabre da Aja. A shekarun 1990 masu bincike na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da abokan aikinsu Jamusawa sun yi shekaru suna nazarin wurin, kuma cikin abin da suka rubuta har da yadda manomi kan roƙi makiyayi ya kwantar masa da shanu a gona da rani don taki. Yau idan aka ambaci Dumburum a labarai, sansanin 'yan bindiga ake nufi. Tsakanin wancan hoto da wannan akwai shekara talatin, kuma rahotanni sukan cike giɓin da kalma ɗaya tak.

Kalmar nan kuwa abubuwa biyu ta haɗiye waɗanda ba su da dangantaka sai ta wuri. Na farko shi ne na talaka. Magidanci ya rasu ya bar gona ɗaya da 'ya'ya maza shida; aka raba, kowa ya sami abin da ba zai ciyar da gida wata huɗu ba. Gonar ɗaya daga cikinsu tana bakin labi, wato hanyar shanu. Bana ya ƙara kunya biyu, baɗi ya ƙara uku, ba wanda ya yi magana, bayan shekara goma hanyar da garke biyu kan gifta juna a kai ta koma siririn da saniya ba za ta bi ba sai bakinta ya taɓa gero. Wannan cin iyaka ne, laifi ne, kuma shi ne ainihin abin da kalmar Ingilishin take nufi idan aka bi ta da gaskiya. Ba a wanke shi. Makiyayin da aka ci tararsa don dabbarsa ta ci amfanin da aka shuka a kan hanyarta yana da hujjar jin an zalunce shi sau biyu.

Na biyu kuwa ba a yi shi da fartanya ba, kuma ba a yi shi da sanɗa ba. Da biro aka yi shi, da rana tsaka, a ofis mai tuta. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon ba mutum izinin riƙe fili har hekta 500 don noma, ko hekta 5,000 don kiwo, ba sai ta nemi yardar gwamna ba. Hekta 500 ba kunya biyu ba ce. Ƙungiyar International Crisis Group, a rahoton da ta fitar a watan Mayu na 2020 kan rikicin arewa maso yamma, ta nuna cewa gwamnatin Zamfara da kanta ce ta yanke shawarar share manyan dazuzzuka da makiyaya don noma a wani ɓangare na dajin Kuyambana da kuma yankin Gidan Jaja, a ƙananan hukumomin Maru da Zurmi, abin da ya tarwatsa zaman rugage da suka daɗe a wurin. Gidan Jaja kuwa ba wata nisan duniya ba ce ga mutumin Birnin Tsaba. Ƙaramar hukumarsu ɗaya.

Wanda yake shakkar rahoton baƙi, ga shaidar gida. A 2019, watanni kaɗan bayan hawan Bello Matawalle, gwamnatin jihar ta ba da sanarwar soke filayen noma da aka raba a cikin makiyaya, tana mai waiwayar rabon da aka yi tun daga 1999. A duba kalmar da kyau: sokewa. Ba a soke kutse. Mai kutse korarsa ake yi. Abin da ake sokewa shi ne abin da aka bayar, da izini, da sa hannu, da hatimi. Da wannan sanarwa gwamnati ta amsa da bakinta cewa wani kaso na ƙasar kiwon da ta ɓace ba gurgusowa aka yi aka cinye shi ba, miƙa shi aka yi. Duk da haka kalmar da ke yawo a tarukan ƙara wa juna sani a Abuja da Kaduna ba ta canja ba. Mai kunya biyu da mai hekta ɗari biyu suna zaune a layi ɗaya na jadawali, a ƙarƙashin suna ɗaya, kuma kowa ya san wanda za a fara aika wa ɗan sanda idan ranar "ƙwato makiyaya" ta zo. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wani abin da ke ƙara wa al'amarin ɗaci shi ne cewa Zamfara ce jihar da ta fara shelar faɗaɗa shari'ar Musulunci, a watan Oktoba na 1999, shekarar da sanarwar sokewar ta ɗauka a matsayin mafari. Fiƙihun da aka yi shelarsa ba ya rasa suna ga wannan aiki. Yana da babi sukutum a kan gasbu, wato ƙwace. Yana da hukuncin hima, ƙasar da shugaba ke keɓewa don kiwon jama'a, da na harimin gari da na rijiya, wuraren da ba mai ikon mallake su shi kaɗai. Bahaushe ma ya daɗe da tasa kalmar, hurumi. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi a kan hanyoyin mallakar ƙasar da ba ta da mai ita, Ta'alimur Radi, a nan ƙasar Sakkwato da Gwandu, shekaru da dama kafin Bature ya kafa gandun daji ko ɗaya. Kuma kowane ɗalibin zaure ya ji gargaɗin hadisi ga mai cin ko da taƙi ɗaya na ƙasar wani, da mai gusar da alamar iyaka. Ba rashin kalma ba ne ya sa aka je aro. Kalmar gida ce ta yi kaifi da yawa.

A nan mai karatu daga Zurmi ko Shinkafi ko Ƙauran Namoda yana da damar ya fusata. Mutane na mutuwa, ana kwasar mata da yara a kai daji, wani kuma ya zauna yana tsefe kalmomi? Kuma ashe wannan ba hanya ba ce ta nema wa 'yan bindiga uzuri, a ce ai an ci musu makiyaya ne? Tambayar tana da nauyi, amsarta kuma ba ta da lanƙwasa. Wanda ya ƙona rumbun talaka ba makiyaya yake nema ba. Wanda ya ɗaure tsoho a gindin itace yana jiran kuɗin fansa ba ya ramuwar burtali. Tsohon nan bai taɓa riƙe hatimi ba. Kwamitin da gwamnatin jihar ta kafa a 2019 ƙarƙashin tsohon sufeto janar na 'yan sanda Muhammad Dikko Abubakar ya ƙidaya mutum fiye da 6,000 da aka kashe da fiye da 190,000 da aka raba da gidajensu daga 2011 zuwa 2019. Babu labin da ya kai wannan tsada. Su kansu makiyaya suna cikin waɗanda aka fi kwashe wa dukiya, kuma an kashe da yawansu a kasuwanni ba don abin da suka yi ba, sai don abin da suke.

Amma wanda ya ƙi a tsefe kalma ya duba yadda ake cutar manomin da ita shi ma. Abin da ke faruwa a ƙauyuka da dama na wannan yanki yau, inda ba a shuka sai an biya mai bindiga, ba a girbi sai an sake biya, inda wani lokaci ake tara mutanen gari su yi wa ɗan ta'adda noma, takardun hukuma sukan kira shi "incursion" ko "attack", Hausar rediyo kuma ta ce hari. Hari zuwa ake yi a koma. Wanda ya zauna ya aza haraji, yana yanke hukunci tsakanin mutane, yana ba da izinin shiga gona da ranar fita, ba mahari ba ne kuma, mai mamaya ne, kuma abin da yake yi mulki ne ba da sunan kowa ba. A nan ne kalmar "invasion" da 'yar'uwarta mamaya suke da gurbi na gaskiya, kuma a nan ne ake tsoron furta su, domin jami'in da ya ce an mamaye gunduma ya amsa cewa gwamnati ba ta nan. Harshen hukuma ya yi wa makiyayi rowar sunan wanda ya raba makiyayarsa, ya kuma yi wa manomi rowar sunan halin da yake ciki. Riba ɗaya ce a duka biyun, kuma ba ta faɗa aljihun ko ɗaya daga cikinsu ba.

Wannan dabara ba yau aka fara ta a wannan ƙasa ba. A 1903 rundunar Birtaniya da ta ci Kano ta biyo ta nan a kan hanyarta ta zuwa Sakkwato, aka gwabza a Kwatarkwashi inda Wazirin Kano Ahmadu ya faɗi. A takardun masu nasara sunan abin "expedition", kamar tafiyar neman tushen kogi, abin da ya biyo baya kuma "pacification", wato kwantar da tarzoma. Waɗanda abin ya faɗa wa ba su ruɗe ba, zuwan Nasara suka ce, suna da aikatau da mai aikatawa. Mai iko ya daɗe da sanin cewa idan ya riga kowa raɗa wa abu suna, ya rage wa kansa rabin shari'a.

Kada kuma a ce hukuma ba ta iya ambaton mutum ba ne. Ta iya, idan ta ga dama. A watan Afrilu na 2022 gwamnatin Zamfara ta tuɓe Sarkin Zurmi da Sarkin Ɗansadau da hakimin Birnin Tsaba, bisa zargin alaƙa da 'yan bindiga, bayan rahotannin kwamitocin bincike. Zargi ne na gwamnati ba hukuncin kotu ba, kuma ba a nan za a yanke shi ba. Abin da ya shafi wannan magana shi ne sigar sanarwar: a ranar nan ba a ce "an samu haɗin baki" a bar shi haka ba. An faɗi sarauta, an faɗi gari, an faɗi suna. Ashe jimla mai mutum a cikinta tana yiwuwa a Gusau. To me ya sa idan aka zo kan ƙasa, wadda ita ce ta fi kowane abu barin sawu a takarda, sai harshe ya koma hazo? Rawani ana iya cire shi a yini ɗaya, kuma mai shi mutum ɗaya ne. Jerin waɗanda aka ba gonaki a daji kuwa ba a san iyakar inda zai tsaya ba idan aka fara karanta shi.

Akwai ma matsalar awo, tunda sanarwar 2021 awo ta ce za a yi. Ba a cin iyakar da ba a shata ba. Dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta fito a 1965, kuma adadin da aka saba ambata na makiyayan ƙasar shi ne 415, amma waɗanda aka kammala wa rajista a gazet ɗin gwamnati ba su kai rabi ba. Labi da burtali kuwa galibinsu a cikin kan dattawa suke, daga tsamiyar nan zuwa waccan marke, kuma markeyin ya zama gawayi tuni. A irin wannan hali "encroachment" ba ma'auni ba ne, sanda ce, kuma tana hannun duk wanda ke riƙe da ofis a ranar. Yau ya nuna ta ga manomin da kakansa ya sare wurin, gobe ya nuna ta ga rugar da ta girmi sakatariyar ƙaramar hukuma.

Ƙetaren iyakar Zurmi, a Jihar Maraɗi, an ɗanɗana abin da ya fi wannan muni kafin a ɗauki mataki. A 1991, a ƙauyen Toda, rikicin manoma da makiyaya ya ci mutum fiye da ɗari a yini ɗaya, yawancinsu mata da yaran Fulani. A 1993 Nijar ta kafa dokar karkara wadda ta samar da kwamitocin ƙasa tun daga matakin ƙauye, da wakilan manoma da na makiyaya da sarakuna a ciki, aka kuma shiga kafa turakun siminti a gefen hanyoyin dabbobi. Ba aljanna aka gina ba. Ana tumɓuke turakun, ana rigima, masu kuɗi na killace fili a can ma. Amma inda turke yake tsaye, gardamar takan gajarta. Gero yana wannan gefe ko yana wancan, kuma gonar tana da mai ita. Kalma ta sami abin jingina.

Saboda haka nauyin da ke kan mai fassara da ɗan jarida da mai rubuta wa gwamna jawabi ba na neman kalmar Hausa ɗaya da za ta zauna daidai a gurbin ta Ingilishi ba ne. Babu ita, kuma alheri ne da babu. Idan takarda ta zo da "encroachment", aikin bai fara ba sai an koma ga wanda ya aiko ta an tambaye shi wanne yake nufi. In kunya ce aka ƙara, a rubuta cin iyaka. In dabba ce ta shiga, a rubuta ɓarna. In fili ne aka yanka wa wani, a rubuta cewa an ba wane, kuma wane ne ya bayar, a shekara kaza, hekta kaza. In mai bindiga ne ya zauna, a rubuta mamaya, a faɗi garuruwan. Jami'in da ya ce bai san wanne ba ne, rashin saninsa shi ne labarin.

Tambayar ba ta da wuyar amsa kamar yadda ake nunawa. A Birnin Tsaba da maƙwabtanta har yanzu akwai tsofaffin da za su iya taka inda labi ya bi, su faɗi daminar da aka fara ganin tarakta a kansa, da wanda ya zo da ita. Kowace takardar fili da aka soke a 2019 kuma tana ɗauke da sunaye biyu aƙalla, na wanda aka ba a sama, na wanda ya bayar a ƙasa, kusa da hatimi.